Arthur Coningham: Baturen da Ya Fara Sauke Jirgin Sama a Kano

Gabatarwa

 A zangon karatun da ya wuce malaminmu na ginin kalma ya ba mu aikin gida a kan harɗaɗɗun sunaye, ni kuwa sai kalmar jirgi ta faɗo hannuna. Na ji daɗin haka ƙwarai, domin a ƙasarmu ta arewacin Yobe kowane jirgi da garinsa. Jirgin ruwa na Gashuwa ne, inda masunta suke tuƙa shi a kogin Komadugu Yobe tun kaka da kakanni. Jirgin ƙasa na Nguru ne, inda layin dogo da ya taso daga Kano ya tuƙe a shekarar 1930. Shi kuwa jirgin sama, mu namu ɗaga kai ne kawai, mu hange shi can ƙololuwa yana wucewa.

Ina cikin wannan aiki sai tambaya ta zo mini: shin wane ne ya fara kawo wannan jirgi na uku ƙasar Hausa, kuma me ya zo nema? Binciken da na yi ya kai ni ga wani hafsan sojan saman Ingila mai suna Arthur Coningham, wanda ya sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925. Wato a 2025 abin ya cika shekara 100 cif. Ban ɗauko tarihinsa don in yi wa Turawan mulkin mallaka kirari ba. Na ɗauko shi ne saboda rayuwarsa ɗaure take da wata hanyar sufurin jiragen soja da ta ratsa Arewacin Nijeriya, hanyar da ta taimaka wajen juya akalar Yaƙin Duniya na Biyu, amma yawancinmu ba mu da labarinta. Mai karatu, biyo ni sannu a hankali.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Arthur Coningham ranar 19 ga Janairu, 1895, a birnin Brisbane na ƙasar Ostareliya. Sunan mahaifinsa ya ci. Uban shahararren ɗan wasan kurket ne, har ya taɓa yi wa ƙasarsa wasa, sai dai mutum ne mai rigima. Ya kai wani babban limamin cocin Katolika kotu bisa zargin yana neman matarsa, ya kuma nemi a biya shi diyya mai tsoka. Shari'ar ta watse masa a hannu a 1901, mutuncinsa ya zube, dole ya kwashi iyalinsa suka yi ƙaura zuwa Niyuzilan. A can ma bai natsu ba, har gidan yari ya shiga a kan zamba, daga bisani kuma aurensa da uwar yaron ya mutu.

A cikin wannan hali na kunya da rashin wadata Arthur ya tashi. Ya samu gurbin karatu kyauta a Kwalejin Wellington, amma bai yi fice a aji ba. Inda ya yi suna shi ne wajen wasanni da hawan doki da harbi. Da ya bar makaranta sai ya kama aikin ƙwadago a gona. Duk wanda ya gan shi a wancan lokaci yana bin tumaki, ba zai taɓa kawo wa ransa cewa wannan yaro zai wayi gari yana ba dubban jiragen yaƙi umarni ba. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Shigarsa Soja

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, yana ɗan shekara 19, sai ya shiga sojan Niyuzilan. Yana cikin ayarin da ya ƙwace tsibirin Samowa daga hannun Jamus, daga baya kuma aka tura shi Masar cikin sojan doki. Zazzaɓin taifot ya kwantar da shi, har aka sallame shi daga soja a 1916 a kan ba shi da lafiyar aiki. Wani da ya koma gona ya yi zamansa. Shi kuwa sai ya biya kuɗin jirgin ruwa daga aljihunsa ya tafi Ingila, ya shiga sashen jiragen sama na sojan ƙasar, ya koyi tuƙi.

Kafin ƙarshen 1916 yana fagen fama a Faransa. An raunata shi a 1917, ya warke ya koma. A 1918, yana da shekara 23 kacal, aka ba shi shugabancin rundunar jirage mai lamba 92. Ya fita yaƙin da manyan lambobin yabo uku, aka kuma lissafa masa jiragen abokan gaba 14. A wannan zamani ne abokansa suka laƙaba masa suna Mary. Asalin laƙabin daga Maori ne, sunan 'yan asalin ƙasar Niyuzilan, bakin Ingilishi ya karkatar da shi ya koma sunan mata. Bai damu ba, da shi aka san shi har ya bar duniya.

Akwai wani ɓangare na tarihinsa da bai kamata a tsallake ba. A 1922 aka tura shi Iraƙi, inda ya yi aiki da rundunar jirage mai lamba 55 a Mosul har ya zama shugabanta. A lokacin Ingila ta gano cewa mallakar ƙasa da jirgin sama ya fi arha a kan ajiye dubban sojan ƙasa. Idan wata ƙabila ta yi tawaye ko ta ƙi bin umarni, sai a aika jirage su yi wa ƙauyukanta ruwan bama-bamai. Rundunar Coningham tana cikin waɗanda suka yi wannan aiki a ƙasar Kurdawa, da wani samfurin jirgi da ake kira DH.9A. Ina roƙon mai karatu ya riƙe sunan wannan jirgi, domin shi ne zai sauka a Kano.

Tafiyar Kano ta 1925

A 1924 aka mayar da shi hedikwatar sojan saman Ingila da ke Masar. Shekara ɗaya bayan haka aka ɗora masa jagorancin wata tafiya da sojan saman Ingila ba su taɓa yin irinta ba, wato daga Alƙahira zuwa Nijeriya da dawowa. Muƙaminsa a lokacin daidai yake da na manjo a sojan ƙasa. Aka ba shi jirage uku samfurin DH.9A daga runduna mai lamba 47. Kada mai karatu ya kawo hoton jiragen alhazai na yau a ransa. Wannan jirgi da katako da yadi aka yi mafi yawan jikinsa, fukafukansa hawa biyu ne, injinsa ɗaya, mutum biyu kawai yake ɗauka, kuma kawunansu a waje suke iska tana dukansu. Gudunsa bai kai kilomita 200 a awa ba. Abin da matuƙi ya dogara da shi wajen gane hanya shi ne kamfas da taswira da idonsa.

Sun tashi daga Helwan, kudu da Alƙahira, ranar 27 ga Oktoba, 1925. Suka bi kogin Nilu zuwa Hartum, suka juya yamma ta Al'ubayyid zuwa Alfashir a ƙasar Darfur, suka shiga Cadi wadda take hannun Faransa, suka yada zango a Fort Lamy, wato Njamena ta yau. Daga nan sai Maiduguri, a zamanin Shehu Sanda Kura. Ranar 1 ga Nuwamba suka sauka a filin sukuwa na Kano, lokacin Sarki Usman yana kan gadon sarauta. Sun ƙarasa har Kaduna, sannan suka juya, suka isa Helwan ranar 19 ga Nuwamba. Kwana 24 ke nan, tafiyar fiye da kilomita 8,000, kuma duk jiragen uku suka koma gida. Aka ba Coningham lambar yabo a kan wannan aiki.

Wahalar tafiyar tana tsakiyarta ne. A wancan lokaci layin dogon Sudan a Al'ubayyid ya tsaya, na Nijeriya kuma ta wannan fuska a Kano ya tsaya. Tsakanin garuruwan biyu akwai tafiyar fiye da kilomita 2,000 babu dogo, babu kwalta. Saboda haka kafin jirgi ya iso kowane zango, dole an riga an kai masa fetur an ajiye, an sare itatuwa, an tuge kututture, an rushe gidajen gara, an daidaita fili. Mutanen ƙasa ne suka yi wannan aiki da gatari da fartanya da kwando. Sunan shugaban matuƙa ya shiga littattafai, nasu kuwa bai shiga ba.

Abu na biyu da ya ja hankalina shi ne hanyar kanta. Da na shimfiɗa taswira na bi zangunan da yatsa, sai na ga ai na san ta. Kano, Borno, Cadi, Darfur, Kordofan, Nilu: wannan ita ce tsohuwar hanyar alhazai. A Gashuwa kakata takan ba mu labarin dangin da suka yi gabas a ƙasa da jakuna, suna tafiya suna tsayawa su yi noma ko ƙwadago su samu guzuri, wasu su dawo bayan shekaru, wasu kuma su zauna a Sudan har abada. Ita ce hanyar da mabiya Sarkin Musulmi Attahiru suka bi bayan yaƙin Burmi na 1903, har ɗansa Mai Wurno ya kafa gari a bakin kogin Nilu. Ashe abin da ake cewa Bature ya buɗe, iyayenmu sun daɗe da taka shi da ƙafa. Abin da Coningham ya yi shi ne ya mayar da tafiyar watanni da shekaru ta koma ta kwana shida.

Me ya sa aka yi tafiyar? Akwai gwajin injuna da horar da matuƙa, akwai kuma neman hanyar da za ta haɗa ƙasashen da Ingila take mulka. Amma akwai nuna ƙarfi. Shekara 22 kacal ke nan da Turawa suka ci Kano a 1903, shekara tara kuma da suka kashe Sarkin Darfur Ali Dinar a 1916, a yaƙin da suka yi amfani da jiragen sama a cikinsa. Jirgin da jama'a suka taru suna kallo a filin sukuwa, irinsa ne ya rushe ƙauyukan Kurdawa. Turawan mulki sun san haka sarai.

Shekarun da Suka Biyo Baya

Bayan tafiyar Kano, Coningham ya koma Ingila ya koyar a kwalejin sojan sama ta Cranwell. A 1932 ya auri wata bazawara mai dukiya, Nancy, wadda mijinta Sir Howard Frank ya rasu, a shekarar kuma aka tura shi aiki Sudan. Ita kuwa hanyar da ya bi ba ta mutu ba. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu daga Hartum zuwa Kano, kafin shekarar ta ƙare aka ƙarasa da shi Legas. Da haka Kano da Maiduguri suka samu filayen jirgi na dindindin. Lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi a 1939, Coningham yana shugabantar rukuni na 4 na jiragen jefa bom a Ingila. A farkon yaƙin takardun farfaganda jiragensa suka fi watsawa a kan Jamus, daga baya aka koma bama-bamai.

Hanyar Takoradi

A watan Yuni na 1940 abubuwa biyu suka faru da suka mayar da Kano wuri mai muhimmanci a yaƙin Hitila. Faransa ta faɗi hannun Jamus, Italiya kuma ta shiga yaƙin a ɓangaren Jamus. Nan take Bahar Rum ta zama tarko ga jiragen ruwan Ingila. Ga sojanta a Masar suna tsaron mashigin Suwez, ga su da ƙarancin jiragen sama, kuma in an ce a zagaya da su ta ƙasan Afirka ta Kudu, tafiyar makonni ce masu yawa. Ƙananan jiragen yaƙi kuwa ba su da tankin da zai kai su Masar daga Ingila kai tsaye.

Dabarar da aka yi ita ce a tarwatsa jirgi, a zuba shi cikin manyan akwatuna, a kawo shi ta teku zuwa tashar Takoradi a Gwalkwas, wato Gana ta yau. A can makanikai su harhaɗa shi, a gwada shi, sannan matuƙa su tashi da shi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy, Aljunaina, Alfashir, Hartum, har Masar. Tafiyar ta kusa kilomita 6,000, takan ci kamar kwana shida. Ayari na farko ya tashi a watan Satumba na 1940. Tsarin shi ne jirgi ɗaya mai inji biyu, samfurin Blenheim, wanda yake ɗauke da masanin hanya, ya shige gaba kamar madugu, ƙananan jirage samfurin Hurricane guda shida ko makamancin haka su bi bayansa. Da yawa daga cikin matuƙan 'yan ƙasar Folan ne waɗanda Jamus ta mamaye ƙasarsu. In sun kai kaya, sai a kwaso su a jirgin sufuri a dawo da su Takoradi su sake ɗaukar wasu. A 1941 har runduna guda aka kafa a Hartum, mai lamba 117, domin zirga-zirga a kan wannan hanya.

Da ba don wani baƙar fata ba, da hanyar ba ta yiwu ba. Gwamnan Cadi, Félix Éboué, ɗan asalin Giyana ta Faransa, ya ƙi bin gwamnatin Vichy da ta miƙa wuya ga Jamus. Ranar 26 ga Agusta, 1940, ya bayyana goyon bayansa ga Janar de Gaulle, sai Fort Lamy ta buɗu ga jiragen Ingila. Nijar kuwa ta ci gaba da zama a hannun Vichy har watan Nuwamba na 1942.

A nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu. Layin da jiragen suke bi daga Kano zuwa Maiduguri, tafiyar kimanin kilomita 500, yana ratsawa ne ta wajajen Potiskum da Damaturu. Nguru da Gashuwa suna arewa da shi da kimanin kilomita 100, bayansu kuma sai iyakar Nijar. Ke nan shekara biyu cur garuruwanmu suna zaune tsakanin hanyar jiragen Ingila da ƙasar da take hannun ɓangaren da ba sa ga maciji da juna. Duk wanda ya san hazon hunturu na ƙasarmu, ranar da ba ka hango bishiyar da ke bakin ƙofarka, zai gane irin tsoron matuƙin da ya ɓace wa madugunsa ya karkata arewa. Hazo da guguwar damina da rairayin da ke cin inji sun hallaka jirage da matuƙa a wannan hanya, waɗanda suka isa Masar kuma sau da yawa sai an sake duba injinsu kafin su shiga yaƙi. Jamusawa ma sun san darajar hanyar: a watan Janairu na 1942 wani jirginsu ya ƙetaro Sahara daga Libiya ya jefa bom a Fort Lamy, ya ƙone ma'ajiyar fetur.

Daga baya Amurka ta shigo. Tun a 1941, kafin ta shiga yaƙin, ta sa kamfanin Pan American ya kama aikin jigila a hanyar, ya kuma gyara filaye da dama, har da na Kano da Maiduguri. A tsakiyar 1942 sojan Amurka suka kafa Rundunar Sufurin Sama, wadda aikinta shi ne kai jirage da kaya da mutane duk inda ake yaƙi a duniya, a watan Disamba na shekarar kuma ta karɓe aikin kamfanin a Afirka. Jiragenta sukan taso daga Amurka su biyo ta Barazil, su ƙetare Tekun Atilantika zuwa Akara, su bi ta Kano da Maiduguri, wasu su tsaya Masar, wasu su zarce Indiya da Sin. Ingila ma ta haɗa ayyukanta na irin wannan a ƙarƙashin rundunar sufuri guda a watan Maris na 1943. Zuwa ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 ne aka kai Gabas ta Tsakiya ta hanyar Takoradi.

Kwamandan Hamada

To wa yake jiran waɗannan jirage a can ƙarshen hanya? Coningham ne da kansa. A watan Yuli na 1941 Mashal Tedder, shugaban sojan saman Ingila a Gabas ta Tsakiya, ya kira shi Masar ya ba shi rundunar da ta zama sananniya da sunan Sojan Saman Hamada. Abokin karawarsu shi ne Janar Rommel na Jamus. Hanyar da mutumin nan ya gwada da jirage uku shekara 16 da suka wuce, ita ce yanzu take shayar da rundunarsa. Abin da ya shuka yana matashi, shi ya girba yana babba.

Masana tarihin soja sun fi tuna shi da tsarin da ya kafa a hamada. Ya kafa hedikwatarsa dab da ta kwamandan sojan ƙasa domin su riƙa tsara aiki tare kullum. Ya ƙi yarda a rarraba jirage ana ba kowace bataliya nata, ya nace a tara su a hannu ɗaya a buga inda ya fi zafi. Ya kuma ce aikin farko shi ne a kori jiragen abokin gaba daga sama, sannan a taimaki na ƙasa. Ya horar da rundunoninsa su iya tashi daga fili su koma wani cikin gaggawa. Amfanin wannan ya fito a tsakiyar 1942, lokacin da Tobruk ta faɗi, sojan Ingila suka ja da baya har Al'alamain, kimanin kilomita 100 daga Iskandariyya. Jiragensa ne suka yi musu laima har suka samu wurin tsayawa. A babban yaƙin Al'alamain da aka fara ranar 23 ga Oktoba, 1942, sama tana hannunsa, aka karya Rommel. Bayan wannan nasara Sarkin Ingila ya ba shi sarautar Sir.

A 1943 ya shugabanci jiragen ƙawance masu tallafa wa sojan ƙasa a Tunisiya da Sisili da Italiya, har sojan Amurka suka ɗauki tsarinsa suka sa a littafin koyarwarsu. A watan Janairu na 1944 aka mayar da shi Ingila, ya jagoranci rundunar da ta rufa wa sojan ƙawance baya lokacin da suka sauka a Nomandi ranar 6 ga Yuni, ya kuma riƙe ta har Jamus ta miƙa wuya a 1945. Sai dai ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Coningham mutum ne mai ji da kai da son a san da shi, kuma gaba mai tsanani ta shiga tsakaninsa da Janar Montgomery. Yana ganin Montgomery ya cinye yabon Al'alamain shi kaɗai, yana kuma zarginsa da nawa wajen bin abokan gaba. Wannan rashin jituwa ta bi su har Faransa, ta kuma dagula aiki a wasu lokuta.

Ƙarshensa

Bayan yaƙi aka ba shi shugabancin horar da matuƙa, ya yi ritaya a 1947. Bai ci moriyar hutun ba. A ƙarshen Janairu na 1948 ya shiga wani jirgin fasinja mai suna Star Tiger daga Ingila. Jirgin ya tashi daga tsibiran Azores ya nufi Bamuda, iska mai ƙarfi tana tare shi ta gaba. Da tsakar daren 30 ga Janairu aka ji muryar ma'aikatansa ta rediyo a karo na ƙarshe. Mutum 31 ne a ciki. An yi kwanaki ana nema a teku, ko tsinke ba a samu ba, kwamitin bincike kuma ya kasa gano musabbabin abin. Mutumin da ya ratsa Afirka a jirgin katako, ya tsira daga yaƙin duniya biyu, sai ga shi ya tafi yana zaune a kujerar fasinja, yana da shekara 53, ba shi da ko kabari. A ranar ce kuma aka harbe Mahatma Gandhi a Indiya, saboda haka labarin Gandhi ya danne nasa a jaridun duniya. In ajali ya yi kira, babu gwani.

Kammalawa

Mutumin ya tafi, hanya ta saura. A 1948 aka narkar da Rundunar Sufurin Sama ta Amurka cikin wata sabuwar runduna, kuma a 1960, lokacin rikicin Kwango, jiragen sojan Amurka masu kai dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya sun riƙa yada zango a Kano. Nijeriya ta kafa nata sojan sama a 1964. Filin da ya yi hidimar yaƙin Hitila shi ne filin jirgin sama na Malam Aminu Kano a yau, inda alhazanmu suke tashi su isa ƙasa mai tsarki cikin 'yan awoyi, suna bi ta saman ƙasashen da kakanninmu suka ratsa a ƙasa.

Ni dai abin da na koya shi ne, Coningham jarumi ne kuma gwanin aikinsa, amma daular Ingila ya yi wa hidima, ba mu ba. Na kuma koyi cewa tarihin wannan hanya rabinsa kawai aka rubuta. An san ranar da ya tashi daga Helwan da ranar da ya koma, an san samfurin jirginsa. Su kuwa leburorin da suka share filayen Kano da Maiduguri, da masu dakon ganga-gangan fetur, da manoman da gyaɗarsu ta bi jirgin ƙasan Nguru zuwa teku a shekarun yaƙi, da samarinmu da aka kai Bama, nasu labarin yana bakin tsofaffi ne. Yaron da yake da shekara 10 a 1942 ya haura 90 a yau, kuma irinsu ƙarewa suke yi.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗaliban Hausa, musamman 'yan Nguru da Gashuwa da Macina da Yusufari da sauran garuruwan bakin iyaka, idan mun je hutu mu zauna gaban kakanninmu da waya ko littafi. Mu tambaye su abin da suka gani da abin da iyayensu suka faɗa musu game da zamanin Hitila, ranar da aka fara ganin jirgi a sama, da yadda zumunci da fatauci tsakaninmu da Nijar suka kasance a waɗannan shekaru. Mu ɗauka da Badanci ko Manganci ko Fulatanci, duk harshen da tsoho ya fi sakewa a ciki, sannan mu mayar da shi Hausa mu kawo wa wannan mujalla. Ni na yi niyyar fara nawa a hutu mai zuwa, in Allah ya kai mu. A nan zan dakata. Kuskuren da ke ciki nawa ne, ina kuma maraba da gyara daga malamaina. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.